Yadda za ka zaɓi makarantar injiniyanci a Amurka: ta fasaha zalla ko ta gamayyar fannoni

A Amurka akwai makarantun fasaha zalla irin su MIT, Georgia Tech da Rose-Hulman. Akwai kuma ƙananan kwalejojin gamayyar fannoni da ake kira liberal arts, inda ake haɗa kimiyya da tarihi, falsafa da rubutu. Duka biyun suna yaye injiniyoyi, amma kada sunan makaranta ya ɗauke maka hankali kafin ka bi waɗannan matakai.

Da farko, shiga shafin ABET, hukumar da ke tantance karatun injiniya, ka nemi makarantar. Kwas take tantancewa, ba makaranta ɗungurungum ba, don haka ana iya amincewa da sashen lantarki a bar wani. Duba kuma wane kwamiti ne ya tantance shi: EAC na cikakken injiniyanci ne, ETAC na fasahar aikin injiniya. Kwas ɗin EAC dole ya ƙunshi aƙalla kiredit (ma'aunin nauyin darasi) 30 na lissafi da kimiyya, da 45 na injiniyanci. Da wannan shaidar ce hanyar jarrabawar FE, matakin farko na neman lasisi, da lasisin PE na ƙwararren injiniya ta fi sauƙi. Idan kana da niyyar komawa Najeriya, COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a 2023 a yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe, wadda ABET ma ke cikinta.

Na biyu, tantance fannin da kake so. Swarthmore, Harvey Mudd da Smith, wadda ta mata ce zalla, digirin injiniyanci na bai ɗaya suke bayarwa. Lafayette da Bucknell suna da sassan gine-gine, inji, lantarki da sinadarai daban-daban. Mai son ma'adinai ko man fetur kuwa, irin su Colorado School of Mines zai nufa. Idan ka riga ka tsai da shawara a kan fanni guda, makarantar fasaha ta fi maka. Idan har yanzu zuciyarka na rawa tsakanin injiniyanci da tattalin arziki, kwalejin gamayya za ta bar ka ka sauya ba tare da ka tattara kayanka ba.

Na uku, a nan ɗalibai suka fi faɗawa rami: tsarin 3-2. Kwalejojin da ba su da sashen injiniya kan ce ka yi shekara 3 a wurinsu, ka ƙarasa 2 a jami'a irin Columbia ko Washington ta St. Louis, ka fito da digiri biyu. A takarda abin sha'awa ne. Amma shekara 5 ce maimakon 4, tallafin da kwalejin farko ta ba ka ba lalle ya bi ka ba, kuma sai makinka ya kai kafin a karɓe ka. Darussan ma sarƙa ce: wanda bai fara kalkulas da fiziks a zangon farko ba, lissafin shekarun ya rushe masa. Rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya kai tsaye: mutum nawa suka ƙarasa tsarin a shekaru 5 da suka wuce? Idan aka yi ta kwana-kwana, ka nemi wani wuri.

Na huɗu, kuɗi. Jami'o'in jihohi irin Georgia Tech ba su cika tallafa wa ɗaliban ƙasashen waje ba. Kwalejoji masu zaman kansu da ke da dukiya sun fi buɗe hannu, galibi bayan ka cike fom ɗin neman tallafin karatu na CSS Profile. Kwatanta abin da zai fita daga aljihun iyayenka har ka gama, haɗe da masauki da inshorar lafiya.

Na biyar, nemi jerin darussan shekara huɗu, ka tambayi ko 'yan aji ɗaya na taɓa injinan ɗakin koyon aiki da hannunsu, da kamfanonin da ke zuwa ɗaukar masu sanin makamar aiki. Duba kuma lambar kwas da za a rubuta a takardar I-20, wadda makaranta ke ba ka don neman bizar karatu: idan lambar tana cikin jerin STEM (kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi), izinin aiki na OPT na wata 12 da ake ba ɗaliban ƙasashen waje zai iya samun ƙarin wata 24.