Babi Na 6: Gyaran Tsohon Jirgin Katako Mai Yoyo

Wannan babi na masunta ne da matuƙa jirgi, irin namu na Yauri da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji. Ka karanta a hankali. In wata kalma ta ba ka wuya, ka sa yatsa a kanta, ka sake karantawa. Ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Nemo inda ruwa ke shiga

Inda ruwa ya taru a cikin jirgi ba lalle nan ne yake shiga ba. Ruwa yakan shigo ta gaba, ya gangara ya kwanta a tsakiya.

Ku haɗu ku ja jirgin zuwa tudu. Ku ɗora shi kan gungume 3 ko 4, yadda za ka iya leƙa ƙarƙashinsa. Zuba ruwa a ciki, bokiti kaɗan. Kada ka cika shi, nauyin ruwa yana iya buɗe katakon tsohon jirgi. Yanzu durƙusa ka duba ƙasa. Duk inda ka ga ɗigo, ka zana da'ira da alli ko gawayi. Da'ira ita ce zane zagayayye kamar bakin ƙwarya.

Sai ka ɗauki wuƙa ka soki katakon da ke cikin da'irar. Maɗaci mai lafiya ba ya karɓar wuƙa. In ta nutse kamar a cikin kabewa, katakon ya ruɓe, sai a kira kafinta ya canja shi. Ruɓaɓɓen katako ba ya riƙe ƙusa.

Darasi na 2: Kankarewa da busarwa

A nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Kwarfe ruwan, ku kifar da jirgin a inuwa. Da wuƙa ko lanƙwasasshiyar ƙusa, ƙwaƙule tsohuwar kwalta da tsumma da laka daga cikin tsagar, har ka ga farin katako. Sannan ka bar shi ya bushe.

Ka bar shi ya bushe. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Za ta hau ta yi baƙi sumul, ka yi murna, amma ruwa na ƙarƙashinta. Na ga wannan da idona a ajinmu. Wani ɗalibi ya kankare da safe, ya shafa kwalta da azahar, ya ce rana ta riga ta yi aikinta. Kafin kasuwa ta zagayo, kwaltar ta ɗaye a hannunsa kamar ɓawon rogo. Ya yi asarar kuɗin kwalta, ya yi asarar kwanakin kamun kifi.

Yaya za ka san ya bushe? Bayan katako yakan bushe da wuri, cikinsa na jiƙe. Samo farar leda, ka rufe wurin, ka danne gefenta da duwatsu, ka bar ta ta kwana. Da safe ka ɗaga. In ledar ta yi gumi daga ciki, bai bushe ba. Ƙara jira. Da hunturu ba ya daɗewa, da damina kuwa sai haƙuri. Amma kada ka shanya jirgi a tsakar rana kwana da kwanaki, katako zai tsuke ya ƙara tsagewa. Inuwa mai iska ake so.

Na san akwai iyali da ke jiran cefane, kuma jirgin da ke kife ba ya kawo kifi. Duk da haka, jama'a, sau nawa zan faɗa? Ina gama bayani sai in ga mutum ya hura wuta yana narka kwalta. Sauri ya haifi nawa. Wannan jirgi mata da yara za su shiga. Ba mu manta da Wara ba, a ƙaramar hukumar Ngaski, inda jirgi ya tsage a watan Mayu na 2021 muka rasa mutane masu yawa. Ka yi gwajin leda. In ta yi gumi, kada ka taɓa kwalta.

Rubuta wannan a littafinka sau 5: Sai katako ya bushe.

Darasi na 3: Toshewa

Murza auduga ta zama kamar igiya. Tura ta cikin tsagar da siririn itace mai faɗin baki, kana bugawa da guduma sannu-sannu. Kada ka danƙara da ƙarfi. Katako zai kumbura idan ya koma ruwa, shi zai matse audugar da kansa.

Narka kwalta a fili, nesa da yara da fetur ɗin inji. Kada ruwa ya ɗiga a cikinta, za ta fantsama ta ƙona ka. Shafa a kan audugar. Ka tabbata dai katakon ya bushe tukuna.

Darasi na 4: Faci

In ramin babba ne, shafa kwalta, shimfiɗa tsumma, ɗora yankin kwano ko katako, ka buga ƙusoshi kusa-kusa. Lanƙwasa bakinsu ta ciki.

Darasi na 5: Gwaji

Mayar da jirgin ruwa babu kaya, ya kwana a ɗaure. Da safe ka duba.