Yadda Ake Cika Ƙa'idojin Ɗa'a Idan Kana Kai wa Kamfani Shinkafa

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, matasa da yawa suka shiga sana'ar tara shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, daga ƙauyuka suna kai wa kamfanonin sarrafa shinkafa. Na ga waɗanda suka shigo da jari mai kauri suka fita da bashi, kuma mafi yawansu takarda guda ce ta kayar da su, wato takardar ƙa'idojin ɗa'a da manyan kamfanoni kan ba mai kawo kaya ya sa hannu kafin a yi masa rajista. Ba zan tsaya kan rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, da lambar haraji da asusun banki na kasuwanci ba, domin duk wanda ya kai ga ƙofar kamfani ya riga ya san su.

Abin da za ka fara yi shi ne ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, kada ka sa hannu a tsaye a ofis don ana jiran ka. Yawanci da Turanci ake rubuta ta, saboda haka ka sami wanda ka amince da shi ya karanta maka sakin layi bayan sakin layi, kana tsayar da shi kana tambaya. Kalmomin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma za ka tarar abin da suke nema bai wuce gaskiya a awo da ingancin kaya, da nisantar cin hanci, da hana sa yara aiki mai nauyi, da biyan lebura haƙƙinsa, da kiyaye amfani da magani a kan abinci ba. Akwai kuma jimla ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa, wadda ke cewa waɗannan sharuɗɗa sun hau kan duk wanda ke yi maka aiki. A kan wannan jimlar na yi asarar da har yau ban manta ba.

A shekarata ta biyu a wannan sana'a ina da yaran saye huɗu da nake turawa kasuwannin Suru da Bunza da Augie. Ina ba su kuɗi, ina kuma biyan su lada a kan kowane buhu da suka kawo, ban taɓa tunanin cewa wannan tsarin da kansa yana koya musu ha'inci ba. Wata rana motata ta kwana a layin wani kamfani, da gari ya waye ma'aikacin duba inganci ya soka ƙarfen ɗibar samfuri a bakin buhu, ya fito da shinkafa busasshiya, sannan ya zagaya ya soka a gindin buhun. Abin da ya zubo a tafin hannunsa ɗanya ce mai ɗumi, haɗe da ƙaiƙayi da yashi. Ya gwada buhu na biyu da na biyar da na tara, duk labarin ɗaya ne. Na ce masa, "Malam, wallahi ban san da wannan ba, yarana ne suka cika." Ya amsa da ladabi, "Alhaji, sunanka ne a takarda, ba mu san yaranka ba." Aka dawo da motar, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na biya kuɗin sauke kaya da shanya, aka kuma dakatar da ni har ƙarshen kakar. Da na zauna sai na tuna hadisin da muka sani tun muna makarantar allo, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Saboda haka mataki na biyu, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne ka gyara yadda kake sayen kaya a ƙauye. Ka daina biyan yaron saye lada a kan yawan buhu. Ka biya shi a kan buhun da kamfani ya karɓa ba tare da ragi ba. Ka sa wa kowane yaro alamarsa a jikin buhu, ko da fenti ne, domin in an sami matsala ka san daga hannun wa ta fito da kuma wace kasuwa. Ka sayi ma'aunin danshi naka na kanka, kuɗinsa bai kai rabin asarar mota ɗaya da aka dawo da ita ba, kuma ka sani cewa kamfanoni kan nemi danshin shanshera ya tsaya wajen kashi 14 cikin 100. Ciza ƙwaya da haƙori dabara ce ta iyayenmu kuma tana aiki, sai dai ba za ka iya jayayya da na'urar kamfani da haƙorinka ba. Ni ba na yarda a ɗinke buhu a bayan idona ko idon wakilina guda da na amince da shi, kuma ba na sayen kayan da aka riga aka ɗinke komai arhar sa. Sikelinka ma ya zama ɗaya ne wajen saye da wajen sayarwa, domin manomin da aka tauye wa awo shi ne gobe zai zuba maka yashi ya rama.

Daga nan sai maganar kyauta. Sabon shiga kan ɗauka cewa ɗan na goro ga mai gadi ko mai awo ko mai duba inganci mutunci ne irin namu. A takardar da ka sa wa hannu, sunansa cin hanci, ko da katin waya ne ko ragon salla. Idan wani ma'aikaci ya nemi ka ba shi wani abu don ya shigar da motarka gaba ko ya rage maka danshi a rubuce, ka ba shi haƙuri ka bar motar ta bi layi, sannan ka duba takardar, sau da yawa akwai lambar waya ko adireshin da ake kai irin wannan ƙorafi a asirce. Haka kuma in ɗan'uwanka ko surukinka yana aiki a sashen sayen kaya, ka faɗa a rubuce tun ranar rajista.

Batun yara yana da wuya a wurinmu, domin a kowace kasuwa za ka ga ƙananan yara da almajirai suna neman dako. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 182 a 2002, wadda ta haramta sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, kuma ɗaukar buhu mai nauyin kilo 100 zuwa saman tirela yana cikin irin wannan aiki. Ka yi ciniki da shugaban 'yan dako a kan manya kawai, ka biya su a ranar kafin guminsu ya bushe. In tausayin yaron kake ji, ka ba shi abinci ko sadaka, kada ka ɗora masa buhu.

A sito kada ka kusanci fiya-fiya ko Sniper. Ragowar sinadarin dichlorvos da ke cikin irinsu ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya a 2015. Ka shanya kaya sosai, ka ɗora buhuna a kan katako, in kuma feshi ya zama dole ka kira wanda ya san aikin.

Sauran aikin rubutu ne. Ka ajiye littafi guda da za ka riƙa shigar da ranar saye, da kasuwa, da sunan mai kaya, da nauyi, da abin da ka biya, ka kuma lanƙaya rasit da takardar sikelin kamfani a shafin. Wasu kamfanoni kan turo mutanensu su duba sito ba tare da sanarwa ba, kuma littafin nan shi za su fara tambaya.