Yadda Ake Noman Zogale a Tsakar Gida, Daga Shuka Zuwa Kwaɗo da Dambu

Yawancin zogalen da ake gani a gidajen Maradi itace ɗaya ne dogo a bakin katanga, ganyensa can sama, sai an sa yaro ya hau ko an karyo reshe da ƙota. Ƴan garkar Jiratawa, kusa da garin, da na bakin Gulbin Maradi ba sa barin nasu ya yi haka. Suna rage masa tsawo tun yana ƙarami, su riƙa ɗiba yana sake tohowa, shi ya sa ba sa rasa ganyen kaiwa kasuwa. Wannan dabarar tana yiwuwa a cikin gida, a fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Wuri da gyaran ƙasa

A zaɓi inda rana ke bugawa aƙalla awa 6 a yini. Zogale, wanda wasu ke kira tamaka, ba ya yi a inuwa: zai miƙe siriri, ganyen ya yi fari-fari. A bar tazarar mita 1 ko fiye tsakanin fangali da katanga, musamman ta laka, don ban ruwan yau da gobe yana cin gindinta. A nisanci masai da magudanar ruwan wanka.

Tun da garin Maradi ya taso daga kwari zuwa tudu bayan ambaliyar 1945, gidaje da dama a kan rairayi suke zaune. Wannan ƙasa tana da kyau ga saiwar zogale saboda ba ta riƙe ruwa ya kwanta, amma ba ta da abinci, don haka taki ne kan gaba. A auna fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, a tone shi zurfin santimita 30 zuwa 40, a tsince duwatsu da leda da ɓaraguzan siminti. A zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu bokiti 3, wato bokiti guda a kowace mita, da toka tafin hannu 3, a cuɗa sosai. Ɗanyen taki da aka kwaso jiya daga turke bai dace ba: yana ɗaukar zafi a cikin ƙasa ya ƙone saiwa, yana kuma kiran gara da gwazarma. Idan shi kaɗai ake da shi, a tara shi gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa duk mako har sati 6, sai ya yi baƙi ya daina wari.

In da rani za a shuka, fangalin ya ɗan yi ƙasa kamar kwano, a kewaye shi da ƴar kunya don ruwa ya tsaya a ciki. In da damina ne, a ɗaga shi santimita 15 sama da tsakar gida. A jiƙa shi kwana 3 kafin shuka.

Sai shinge, kuma kafin shuka ake yin sa. Jar akuyar Maradi da ake alfahari da ita ba ta buƙatar fiye da minti biyar ta gama da aikin wata biyu, kaji kuma suna tone iri kafin ya tsiro. Zana, ko raga, ko tsohon gidan sauro da aka ɗaure a kan sanduna huɗu, duk suna yi.

Iri da shuka

Irin kirki daga busasshen kwaso yake fitowa, wanda ya yi ruwan ƙasa a kan uwarsa. Ƙwayar baƙa-baƙa ce mai fukafukai uku, idan aka matsa ta da yatsa a ji ta da tauri. Wadda ta yi fari ko ta lotse ba ta nuna ba. Irin da ya wuce shekara a ajiye ƙarfinsa yana raguwa, saboda haka wanda ya saya a kasuwa ya gwada tukuna: ƙwaya 10 a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, kar a bari ya bushe. Bayan mako guda zuwa kwana 10, idan 7 ko 8 sun fasa, irin yana da kyau. Akwai na gida, akwai kuma PKM-1 da aka samo daga Indiya, wanda ya bazu a garake saboda saurin girma da yawan ganye. Don amfanin gida kowanne ya wadatar.

Lokaci biyu ne suka fi: ƙarshen Fabrairu zuwa Maris idan ɗari ya saki, da kuma faɗuwar damina a Yuni ko Yuli. Wanda ya shuka a Disamba ko Janairu zai daɗe yana jiran tsiro, har ya ɗauka irin ne ya mutu, alhali sanyi ne ya riƙe shi.

A jiƙa irin a ruwa dare ɗaya. A ja layi biyu a tsawon fangalin, santimita 50 tsakaninsu, a kowane layi a yi rami 6, su ma santimita 50 tsakani. Rami 12 ke nan. Ƙwaya 2 a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kimanin santimita 2. Binne iri da zurfi shi ne kuskuren da ya fi yawa: tsiron yakan ƙare ƙarfinsa kafin ya huda ƙasa. Cikin kwana 5 zuwa 12 za a ga ya fito. Idan ya kai tsawon hannu daga yatsa zuwa wuyan hannu, a bar mai ƙarfi, a yanke ɗayan da reza daga gindi. Kar a tumɓuke, don zai girgiza saiwar ɗan'uwansa.

Dasa reshe ma yana kamawa, amma ba ya yin doguwar saiwa kamar na ƙwaya, gara tana son sa, iskar farkon damina kuma takan kayar da shi.

Wata biyun farko tsakiyar layukan fili ne a banza. A yafa alayyafo ko yakuwa a wurin, za a ci su kafin zogalen ya rufe.

Ban ruwa

Sati 3 na farko a ba fangalin lita 20 kowace safiya, da butar ban ruwa ko gwangwanin da aka huda gindinsa, don kada ƙarfin ruwa ya tone irin. Bayan nan a koma lita 40 duk kwana 2. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a ba shi kullum da yamma, a kuma rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, amma kar su taɓa gindin. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko gero duk suna da amfani. Ruwan wanki mai omo ne ba a so, gishirinsa yana taruwa a ƙasa.

Ƙishirwa ba ta cika kashe zogale ba, yawan ruwa ne ke kashe shi. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya yana zuba, a tura yatsa cikin ƙasa kafin a ɗauko bokiti. In ta yi caɓa, a dakata kwana 3, in damina ce a buɗe wa ruwan hanya. In ƙasar daidai take kuma duk ganyen ne ya koɗe, yunwa ce, a ƙara taki. In kuwa tsakiyar ɗari ne, halinsa ne, zai farfaɗo da kansa idan iska ta ɗumama.

Yanka, inda aikin yake

Da zarar shukar ta kai santimita 60, wajen gwiwar babban mutum ko sama kaɗan, a tsinke kanta da farce, kamar santimita 10 daga sama. Mutane da yawa a nan suke jin tausayi, su ga shuka tana tashi kyakkyawa su kasa taɓa ta. Sakamakon shi ne sanda guda mai tsawon mita 3 ko 4 cikin shekara, da ɗan ganye a ƙoli. Wadda aka tsinke kuwa takan fitar da rassa 3 ko 4 a ƙasan wurin. Su ma idan sun kai santimita 20 a tsinke kawunansu. Sau biyu ko uku ana haka, sai shukar ta zama dunƙulalliya, ganye ta ko'ina, a daidai inda hannu ke kaiwa.

Ɗiban farko yana zuwa tsakanin wata 2 da wata 3. A kama reshen ganye daga inda ya manne da kara, a karya shi ƙasa da hannu. A fara da na ƙasa, a bar sabon toho 3 ko 4 a kan kowane reshe don da su shukar za ta ci gaba. Da zafi da damina ana iya komawa bayan sati 2 zuwa 3, da ɗari sai an ƙara haƙuri. Dabara mai kyau ita ce a ɗebi layi guda wannan makon, ɗaya layin mako mai zuwa. Bayan kowane ɗiba biyu a zuba taki tafin hannu 2 a gindin kowace shuka.

Sau ɗaya ko biyu a shekara, idan karan ya wuce kan mutum, a datse shi da wuƙa mai kaifi a tsawon santimita 50 daga ƙasa, yankan a karkace don kada ruwa ya zauna a kai. Farkon damina da ƙarshen ɗari ne lokacin. Duk fure da ya fito a cire, yana janye ƙarfin ganye. Shuka guda ta kusurwa kawai za a ƙyale ta girma ta ba da iri.

Tsutsa

Babbar abokiyar gaba ƴar tsutsa ce koriya da ke saƙa zare kamar na gizo-gizo tana haɗe ganye, ta cinye shi ya koma kamar raga. Cikin ƴan kwanaki takan tsiraita fangali. A riƙa duba ƙarƙashin ganye da sabon toho duk kwana 2. In kaɗan ce a cire da hannu a ba kaji. In ta yi yawa, a daka busassun ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan farin sabulu kamar girman ƙwayar dabino, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye. Rana tana kashe ƙarfin maganin, shi ya sa ba a fesawa da hantsi, ba a kuma ajiye ragowar. A maimaita bayan mako guda, a jira kwana 3 ko 4 kafin ɗiba, a wanke da kyau saboda ɗaci. Piya-piya da sauran magungunan da ake sayarwa a bakin hanya ba su da wuri a kan ganyen da yara za su ci jibi. Idan ɓarnar ta riga ta yi nisa, datse shukar gaba ɗaya a ƙone rassan ya fi sauƙi.

Daga fangali zuwa tukunya

A ɗiba da safe bayan raɓa ta bushe. Kar a cusa a leda, cikin awa kaɗan zai ɗau zafi ya yi rawaya. A wanke shi tun yana kan reshe, a girgiza, sannan a zage ganyen da yatsu, a tsince ƙananan tsinke, su ne ke maƙalewa a haƙori.

Kwaɗon mutum 4 ko 5 yana cin ɗanyen ganye tiya 2, domin yana shanyewa sosai a wuta. Uwargida ta bari ruwa ya tafasa kafin ta zuba. Sabon toho minti 15 zuwa 20 ya ishe shi, tsohon ganye yakan kai minti 40. Alamar dahuwa ita ce a murza shi tsakanin yatsu ya mutstsuke ba tare da ya zama kunu ba. Kanwa tana saurin laushi, amma in ta wuce girman ƙwayar wake sai ganyen ya yi santsi da ɗanɗanon sabulu, kuma ganyen gida mai taushi bai ma buƙace ta ba. A tsame, a bari ya huce, a matse ruwan da hannu sosai. Kwaɗon da ya yi ruwa tsamo-tsamo daga rashin matsewa ne. A daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, kofi 1 da rabi, a haɗa da yaji, gishiri da dunƙulen magi 1, a barbaɗa a kan ganyen ana cuɗawa. A yanka albasa 2 da tumatir 3, a zuba man gyaɗa cokali 4, mai so ya matsa rabin lemun tsami. Dab da ci ake haɗawa, don da zafin Maradi kwaɗon da aka haɗa da safe kafin la'asar ya yi tsami.

Dambu kuwa, a wanke tsakin masara ko na shinkafa kofi 4, a tsane shi a kwando. A zuba a madambaci, a tabbatar gindinsa bai taɓa ruwan tukunya ba, a liƙe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere. Bayan minti 25 a juye a roba, a wargaza da cokali, a yayyafa ruwa rabin kofi. A zuba zogale tiya 1, albasa 2, attaruhu 3 da aka jajjaga, dakakkiyar gyaɗa rabin kofi, gishiri da magi, a cuɗa, a mayar kan wuta minti 25. Ganye mai taushi ɗanye ake sa shi, tsoho kuma a ɗan tafasa shi minti 10 a matse tukuna. Kar a danna dambun a cikin madambaci, tururi ba zai ratsa ba, tsakiya ta fito da gari-gari. Soyayyen man gyaɗa da albasa a kai bayan an sauke.

Rarar damina ita ce ta ɗari. A baza ganyen siriri a kan tabarma mai tsabta a cikin ɗaki ko rumfa mai iska, a rufe da gidan sauro saboda ƙura da ƙuda, a riƙa juyawa. Shanya a rana tana koɗar da launi ta rage amfaninsa. Kwana 3 zuwa 4 yakan bushe, in akwai laima ya fi haka, kuma kilo 4 zuwa 5 na zagaggen ganye ne ke ba da kilo 1. Idan ya yi ƙaras-ƙaras a hannu a zuba a kwalba ko bokiti mai murfi, a ajiye inda haske ba ya kaiwa. Ranar da za a yi kwaɗo da shi a jiƙa minti 30 kafin a ɗora, wanda aka daka kuma cokali 2 ake zubawa a miya ko kunun yara bayan an sauke daga wuta.