Yadda ake gwada wasannin yaƙi na kwamfuta kafin a ce wane ya fi wane

Wasannin da ake kira RTS su ne waɗanda kai da abokin gabarka kuke gina sansani, kuna tara dukiya, kuna tura dakaru a lokaci guda, babu mai jiran wani ya gama nasa. A hoto duk kamarsu ɗaya. Sai ka kama linzamin kwamfuta ka ɗora ɗaya hannun a kan kibod za ka ji inda suka rabu. Don haka gwajin da zan nuna maka na hannu ne: umarni ɗaya, dannawa nawa yake ci, kuma ina wasan yake so hankalinka ya kasance.

Da farko zaɓi wasanni biyu ko uku waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba. Misali StarCraft II na kamfanin Blizzard, da Age of Empires II, da ɗaya daga jerin Command & Conquer. Idan ba ka son kashe kuɗi, StarCraft II ya zama kyauta tun 2017, ga kuma 0 A.D. da OpenRA da Beyond All Reason, su ma kyauta ne. A kowanne ka buɗe wasa kai da kwamfuta, ka sa ta a mataki mafi sauƙi a kan ƙaramar taswira. Ba cin nasara ka zo yi ba.

Mataki na biyu, ka kalli allo tukuna, kada ka taɓa komai. Ina 'yar taswirar da ke nuna filin wasan duka take a allon? Ina ake nuna dukiya? Wasannin Blizzard da Age of Empires suna shimfiɗa maɓallan umarni a ƙasan allo, kuma sai ka zaɓi gini kafin ka ga abin da yake fitarwa. Command & Conquer, tun na 1995, galibi a gefen dama yake jera komai, ta yadda za ka iya yin odar tanka idonka yana can bakin daga.

Na uku shi ne zaɓen dakaru da ba su umarni, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Ka fitar da sojoji kamar ashirin, ka ja akwati da linzami ka kewaye su, ka ga nawa suka shiga. A Dune II na 1992 ɗaya bayan ɗaya ake zaɓa. Warcraft na farko ya kai huɗu, Warcraft II ya kai tara, StarCraft na 1998 ya tsaya a 12, sai StarCraft II ya zo a 2010 ya ɗage iyakar har mutum yana iya kwasar rundunarsa duka da jan akwati ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai sojoji sittin a tsohon StarCraft dole ya raba su gida biyar, ya tura kowane gida daban, shi ya sa ƙwararrun 'yan wasan Koriya ta Kudu suka yi suna wajen saurin yatsu, dannawa ɗaruruwa a minti ɗaya. Har yau masu son wasan suna gardama a kan ko wannan ƙwarewa ce ko wahala ce kawai. A ganina duka biyun ne, amma sabon shiga wahalar zai fara ji.

Daga nan ka gwada waɗannan a kowane wasa. Ka danna Ctrl da lamba don ɗaure runduna ga maɓalli ɗaya. Ka riƙe Shift ka jera umarni uku ko huɗu, ka ga ko za su bi su bi da bi. Total Annihilation na 1997 shi ya yi fice a wannan. Ka nemo umarnin tafiya da shirin faɗa, wanda a StarCraft harafin A ne, domin sojan da aka ce masa ya tafi kawai zai ratsa ta gaban abokan gaba ana harbinsa bai rama ba. Ka kuma lura da wane ɓangaren linzami ne ke ba da umarni. Tsohon Command & Conquer na hagu ne, galibin sauran na dama, kuma hannun da ya saba da ɗaya sai ya yi ta ruɗewa a ɗayan. Sannan ka tura rundunar ta ratsa wata 'yar matsatsiyar hanya ko gada, ka zuba ido. Idan suka cunkushe, wasu suka juya suna neman wata hanya can nesa, to ka san aikin da ke jiranka a tsakiyar yaƙi.

Mataki na huɗu, dukiya. Ka ƙirga iri nawa ce, ka ga yadda ake biya. Age of Empires II yana da huɗu, abinci da itace da zinariya da dutse, kuma rabon ma'aikata a tsakaninsu shi ne rabin wasan, har da maɓalli na musamman da ke nemo maka ma'aikacin da ya zauna ba aiki. StarCraft biyu gare shi, ma'adinai da iskar gas, kuma sai kuɗin abu ya cika a hannu za a fara shi. A Total Annihilation da magajinsa Supreme Commander na 2007, ƙarfe da makamashi kwarara suke yi kamar ruwan famfo: kana iya fara kowane gini ko babu ko sisi, amma in abin da ke fita ya fi mai shigowa har ajiyarka ta ƙare, duk ayyukanka sai su koma tafiyar hawainiya. Company of Heroes na 2006 ya soke ma'aikatan haƙa gaba ɗaya, dukiya tana zuwa ne daga yankunan da ka kame a taswira, don haka babu zaman sansani.

Na biyar, ka shiga faɗa da gangan ka ga ko ƙasa tana da tasiri. A Age of Empires II wanda ke kan tudu yana da ƙarin kashi 25 cikin ɗari na ƙarfin duka. A StarCraft II na ƙasa ba ya ganin na sama sai ya sami abin da zai leƙa masa. A Company of Heroes bango da buhunan yashi mafaka ne, kuma akwai maɓallin janyewa mai maido da sojoji gida da gudu.

A ƙarshe ka sake buga minti goma na farko a kowanne, wannan karon da kibod, ba da laluben maɓallan allo ba. Ka rubuta sau nawa ka bar bakin daga ka koma sansani, da abin da ya maido ka. Idan komawar ta gundure ka, ka karkata ga Company of Heroes ko Command & Conquer. Idan kuwa a nan ka fi jin daɗi, Age of Empires II ne naka, kuma kafin ka fita karawa da mutane a intanet ka haddace maɓallan fitar da ma'aikaci da na gina gida.