Ka canza ma wayarka batiri da kanka kuma yanzu tana mutuwa haka kawai? Ga inda za ka duba

Salamu alaikum ƴan uwa. Abin nan ya same ni cikin watan Afirilu, lokacin da zafi ya kai zafi nan Damagaram. Batirin wayata ya kumbura har marfin baya ya fara ɗagowa, na hau kabu-kabu na je kasuwar Dole na sayo sabo, na dawo gida na sa da kaina, ta kunnu lafiya lau na ji daɗi, kashegari ina cikin magana da yayata a WhatsApp sai ɗif, ekran ya yi baƙi alhali caji na 60%. Kwana uku ina fama, har wani ya ce in kai a yi mata filashin, wato a goge ta a sake ɗora mata manhajar da ke tafiyar da ita. Don Allah kar ka fara da wannan. Filashin zai share maka hotuna da lambobi, kuma in wayar lafiyarta ƙalau kafin ka buɗe ta, to matsalar tana inda hannunka ya taɓa.

Kafin ka ɗauki turnabis, yi kwana ɗaya kana lura da lokacin da take mutuwa, don shi ne zai nuna maka hanya. In tana mutuwa sa'ad da ka aje ta da ɗan ƙarfi, ko tana aljihu kana kan babur hanya na girgiza ka, wannan kusan kullum haɗin batiri ne bai zauna ba. In kuwa sai ka buɗe kamara ko kiran bidiyo ko ka kunna tocila take ɗaukewa, batirin ne ba ya iya ɗaukar nauyi. In kuma kullum wajen lamba guda take mutuwa, misali 30% ko 20%, ka jona caji ta tashi ta nuna maka wata lamba daban, to lissafin caji ne ya rikice.

Tawa ta farkon ce. Kashe wayar gaba ɗaya, cire caja, shimfiɗa farin ƙyalle cikin ɗaki inda iska ba ta kawo ƙura, ka sake buɗewa. Dubi siririyar igiyar nan da ta fito daga batiri, wadda masu gyara ke ce ma nap, bakinta yana da wani ɗan kai da ke shiga cikin nasa gurbi a jikin fanel, wato babban allon da ke ɗauke da kayan cikin wayar. Ɗaga shi da farce ko wani abu na roba, banda ƙarfe, banda allura, don ƙarfe na iya haɗa wuta ya ƙona maka abin da ba ka da kuɗin gyarawa. Haska tocila ka duba ko akwai rairayi ciki ko wani haƙori ya lanƙwashe. Ni ƙwayar yashi ɗaya na gani, ɗaya tak, kwance a gefen gurbin, kuma ɗan kan ya shiga ta gefe guda ɗayan gefen yana sama. Goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi, daidaita shi sosai tukuna sannan ka danna da tafin yatsa, za ka ji ya yi ɗan ƙas. In bai shiga ba kar ka matsa da ƙarfi, ɗaga ka sake daidaitawa. Sannan ɗan ƙarfen nan ko robar da ke danne shi, wadda mutane da yawa ke mantawa kan tabarma, mayar da ita. Ita ke hana shi ɗagowa. Kuma kowane ɗan kusa ya koma raminsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda fanel.

Tunda ka riga ka buɗe, dubi batirin ko yana motsi. In ba ka sa gam mai fuska biyu ƙarƙashinsa ba zai dinga wasa yana jan igiyar. Dubi maɓallin kunnawa shi ma, wani lokaci wajen rufewa ake danne igiyarsa ko ya maƙale, wayar ta ɗauka ana danna shi ne sai ta yi ta kashe kanta tana tashi.

To in haɗi lafiya yake, sai mu zo ga batirin kansa, kuma nan ne zancen ke da ciwo. Sabo a leda ba ya nufin sabo ne. Wani ya shekara biyu ko uku cikin shago zafi na dukansa, wani kuma jabu ne an rubuta 5000 mAh a jiki abin da ke ciki bai kai ba. Batirin lithium na waya yawanci 3.7 zuwa 3.85 bolt ne aka rubuta a jikinsa, in ya cika ya kan kai 4.2 zuwa 4.4, kuma in ya faɗi wajen 3.4 ko ƙasa wayar na kashe kanta. Mai rauni yana nuna lafiya in ba a aiki, amma da kamara ta ja wuta sai ya zube ƙasa nan take. Aje tsohon da sabon gefe da gefe ka karanta lambar da ke jikinsu harafi bayan harafi. Na Tecno da itel da Infinix da BL suke farawa, na Samsung da EB. Girma ɗaya ba ya nufin iri ɗaya ne. In lambar ta bambanta mayar ma mai shago tun da wuri, in kuma ta yi daidai roƙi mai gyara ya auna maka da mita, ko ya jona wani batiri ku gani, in ta daina mutuwa magana ta ƙare. Masu iPhone daga XS da XR zuwa sama, saƙon nan da ke cewa ba a gane batirin ba shi kaɗai ba ya kashe waya.

Na lissafin caji shi ne mai sauƙi. Yi amfani da ita har ta mutu da kanta, jona ta a kashe har 100% ba tare da cirewa ba, ƙara mata kamar awa ɗaya, sannan ka kunna. Wahalar dai wutar da ke ɗaukewa, don haka in kana da sola ko fawa bank mai kyau yi da shi. Sau ɗaya ko biyu ya isa, kar ka mai da shi al'ada, yana gajiyar da batiri.

Zafi ma kar a raina shi. Apple da kansu 35 digiri suka sa iyakar amfani, mu kuwa a bazara muna wuce 40 a inuwa. Waya in ta ɗau zafi sosai tana kashe kanta don ta tsira, saboda haka cire mata riga lokacin caji, kar ka sa ta ƙarƙashin matashi ko ka bar ta kan kujerar babur cikin rana.

Abu guda da ba a jira: in ka ga sabon batirin ya fara kumbura, ko turnabis ya soke shi, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, kar ka ƙara jona shi. Cire shi a hankali ka aje waje kan yashi nesa da yara da kayan wuta. In kuma ka gwada batiri na biyu mai kyau, haɗi ya zauna, tana nan tana mutuwa, to fanel ne ya taɓu, kwashe hotunanka da lambobinka yanzu tun tana tashi, ka kai ma mai gyaran da ke da na'urar dubawa ka gaya masa duk abin da ka taɓa.