Tuffa biyu daga nan: nisa da awo a bakin mutanen Sifen

Makona na farko a Madrid, na tsayar da wata dattijuwa ina tambayar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta nuna gaba ta ce, "está a dos manzanas." Ni dai a iya sanina manzana tuffa ce, sai na yi tsuru ina kallonta. Ashe a nan kalmar tana kuma nufin rukunin gidaje, daga wannan kwana zuwa waccan. In mai kwatancen ɗan Kolombiya ne ko Ekwado, kuma suna da yawa, cuadra za ka ji.

Tambayar ba wuya: "¿Está lejos?", wato da nisa? Cerca kusa, lejos nesa. Amma a cikin gari da wuya a amsa maka da kilomita, da lokaci suke aunawa: "a diez minutos andando", minti goma a ƙafa. Ka ƙara biyar a kai, don mutanen nan ba sa tafiyar rangwaɗa. Shi kuwa "aquí al lado", kada ka saki jiki da shi, irin "ga shi nan gaba kaɗan" ɗin mutanen ƙauye ne.

A kan babbar hanya kilómetro ne, babu mil. Iyakar gudu 120 a awa. Daga Madrid zuwa Basalona kilomita 600 da 'yan kai, kuma lissafin manyan hanyoyin da suka fita daga Madrid yana farawa ne daga wata alama a ƙasa a dandalin Puerta del Sol, Kilómetro Cero.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sa'a, da mita da kilo suka tashi. Mu 'yan Najeriya ne za mu ajiye yadi da ƙafa da inci. A asibiti in aka ce "¿cuánto mides?", tsayinka ake nema, amsar kuma "uno setenta", mita ɗaya da santimita 70, ba a ma ambaton mitar. Haka tallar gidan haya: "piso de 60 metros" faɗin gidan ne a murabba'in mita.

Kasuwa babu mudu, babu tiya, sai sikeli. A shagon naman halal ka ce "un kilo" ko "medio kilo", wato rabin kilo. "Un cuarto" giram 250 ne. Akwai wanda ya daɗe yana ruɗa ni, "cuarto y mitad": kwata da rabin kwatar, giram 375 ke nan. Tsofaffi sun fi faɗinsa.

Inda ake tafka asara shi ne rubutun lamba. Waƙafinsu shi ne ɗigonmu, ɗigonsu kuma waƙafinmu. In ka ga 1,5 kg, kilo ɗaya da rabi ne. In ka ga 1.500 € a takardar haya, Yuro dubu ɗaya da ɗari biyar ake nufi, ka duba da kyau kafin ka sa hannu.