Yadda ake zaɓar wanda za ka bi wajen atisayen shiga soja

Da zarar an buɗe shafin ɗaukar kurata, sai tituna su cika da samari masu gudu da asuba. Kafin ranar tantancewa ta zo, da yawansu sun koma gida suna ɗingishi, ƙwauri ya kumbura ko gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Yawancinsu ba ragwaye ba ne. Wurin da suka ɗauko tsarin atisayen ne ya cuce su, shi ya sa nake son a gyara wannan tun kafin a ɗaura kambas.

Ka fara da gwajin da za a yi maka. Sojan ƙasa, na ruwa, na sama da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, kowanne da sharuɗɗansa, kuma sanarwar hukuma ce kaɗai abin dogaro a nan. Ka rubuta abin da aka nema a takarda, sannan ka je filin wasa ka auna kanka. Zagaye ɗaya na hanyar gudu mita 400 ne, takwas kenan kilomita 3.2. Ka riƙe lokacinka, ka ƙirga firesof nawa kake iya yi cikin minti 2. Wanda bai san inda yake ba, ba zai iya gane tsarin da ya dace da shi ba. Wani abu kuma: sojan ƙasa na neman tsawon mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace. Duk wanda ya ce yana da atisayen da zai ƙara wa baligi tsawo, ka bar shi tun daga nan.

Sai zaɓen masu koyarwa, kuma a nan ne ake faɗuwa.

Bidiyon TikTok da YouTube na dakaru na musamman suna nuna maka mutumin da ya shekara da shekaru yana gina jikinsa. Ƙarshen tafiyar kake gani, ba a nuna maka farkonta ba, ga cin data. Yayanka na unguwa da ya fito daga Daffo ta Zariya, inda ake horar da kuratan soja, kuwa, ka girmama shi, ka tambaye shi yadda ranar tantancewa take, me ake dubawa, me ake zuwa da shi. Amma kada ka karɓi jadawalin atisaye daga hannunsa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tsallen kwaɗo da birgima da gwale-gwale, alhali waɗannan na koyar da biyayya da juriya ne, kuma an yi masa su bayan likita ya duba shi, cikin horon wata shida, da malamai a kansa. Kai a gida babu ko ɗaya daga ciki. 'Yan ɗaga ƙarfe su ma abin da suka sa a gaba daban ne. Faɗin ƙirji kaya ne da za ka ɗauka ka yi gudu da shi.

Ni dai wanda nake tura yara wurinsa shi ne kocin 'yan gudu a filin wasa na jiha, ko tsohon malamin motsa jiki na soja da ya saba da sababbin shiga. Sau da yawa kuɗin da za ka kashe bai wuce na mota ba. Idan kana jin Turanci, akwai littafin rundunar sojan Amurka mai lamba FM 7-22 na shekarar 2020, kyauta ne a intanet. Sai dai ka lura, don gwajinsu aka rubuta shi. Tsohon gwajin nasu, wanda suka fara a 1980, firesof ne da tashi zaune daga kwance da gudun mil 2. Wanda ya maye gurbinsa yana buƙatar ƙarafa da kayan da ake ja a ƙasa waɗanda ba lallai ka samu ba. Ka ɗauki sashen ɗumama jiki da na ƙara gudu a hankali, ka bar saura.

Ko wane ne, ka yi masa tambaya uku. Daga ina wanda bai taɓa gudu ba zai fara? Nawa ake ƙarawa kowane mako? Wace rana ce ta hutu? In ya ce soja ba ya hutu, ka yi masa godiya ka tafi.

In ka zaɓa, ka bi guda ɗaya tak, aƙalla mako 12. Abin da nake yawan gani shi ne yaro ya ɗauko gudun safe daga koci, ya ƙara tafiya da jakar yashi daga bidiyo, da yamma kuma yayansa ya sa shi tsallen kwaɗo. Kowane tsari an lissafa shi da hutunsa, in ka haɗa uku ka cinye hutun duka. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai an ɗauki watanni. Saboda haka a mako na uku ko na huɗu za ka ji numfashi ya buɗe, ka ga kamar za ka iya ninka tafiyar, alhali ƙashin ƙwauri bai shirya ba. Masu horar da 'yan gudu sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100. Ciwon da ya bazu a ƙwauri yana son hutu da rage gudu. Wanda kuwa ya tsaya wuri ɗaya, kana iya nuna shi da yatsa, yana damunka ko a zaune, na asibiti ne, don yana iya zama tsagewar ƙashi, kuma wannan yakan ci mako 6 zuwa 8 ko fiye. Ka fi yawan gudu a ƙasa ko ciyawa, ba kwalta ba. Kada ka yi gudu da takalmin soja. Kambas na gwanjo mai sauran tafi ya wadatar.

Akwai abubuwan da in ka ji su daga bakin mai koyarwa, magana ta ƙare: hana shan ruwa, ɗaura leda a ciki don a yi gumi, ko haɗiyar taramol don kada a ji gajiya. Na ƙarshen nan yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, kuma ana gwajin ƙwayoyi. Ka san rukunin jininka na sikila. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da cutar ba, yana iya atisaye, amma matsa wa kai farat ɗaya cikin zafi da ƙishirwa ya fi masa haɗari. In fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, asibiti za ka nufa a ranar.

Sauran mai sauƙi ne. Ka riƙe ɗan littafi, ka sake auna kanka duk bayan mako 4. In lokaci bai sauka ba bayan awo biyu, sai ka duba canza tsari. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka in tantancewar ta faɗo a bazara, ka riƙa jinkirta fitarka kaɗan-kaɗan zuwa hantsi. A makon ƙarshe ka rage gudu da rabi, ka yi barci sosai, kuma kada ka sa sabon takalmi ranar gwaji.